Fom Guda Domin Bukukuwa Ɗaruruwa: Nazarin Tashi da Faɗuwar Wani Kamfanin Manhajar Bikin Fina-finai

## Lamarin a taƙaice

Wannan nazari ya bi sawun matsala guda ce: yadda fim ɗin da ba shi da babban kamfani a bayansa zai isa gaban masu tantancewa na bikin baje kolin fina-finai, da yadda su masu bikin za su riƙe lissafin abin da ya shigo hannunsu. Waɗanda suka ɗauki matsalar a wuyansu wasu masu shirya fim ne a birnin Los Angeles na Amurka. A watan Janairun 2000 suka kafa kamfani mai suna Withoutabox, wato "ba tare da akwati ba". Ya yi shekara takwas a hannunsu, ya yi kusan goma sha biyu a hannun Amazon, aka rufe shi a 2019.

## Kafin 2000: inda matsalar ta samo tushe

Bikin fina-finai tsohon abu ne. Na Venice a Italiya ya fara a 1932, na Cannes a Faransa a 1946, na Berlin a 1951, na Toronto a 1976. A Afirka akwai FESPACO na Wagadugu tun 1969. Wanda ake kira Sundance yanzu ya fara a jihar Utah ta Amurka a 1978 da wani suna, sai 1991 ya ɗauki sunan da aka san shi da shi. A tsawon waɗannan shekaru masu aika fim ba su da yawa, saboda ɗaukar fim a kan zaren sinima tsada gare shi, ba kowa ke iyawa ba. Ƙaramin ofis mai mutum uku ko huɗu yana iya riƙe lissafin komai a littafi.

Tsakiyar shekarun 1990 abin ya sauya. A 1995 ƙananan kyamarorin dijital masu amfani da kaset ɗin MiniDV suka shigo kasuwa. A 1999 kamfanin Apple ya fitar da manhajar tace hoto ta Final Cut Pro, wadda mutum zai iya aiki da ita a kwamfutar ɗakinsa. A Janairun wannan shekarar kuma aka nuna wani fim na ban tsoro a Sundance, wanda wasu matasa suka ɗauka da ɗan kuɗi kaɗan, daga baya ya tara kusan dala miliyan 250 a gidajen sinima na duniya. Duk mai kyamara ya ji labarin. Fina-finai suka yawaita, bukukuwa ma suka yawaita, amma hanyar da ke tsakaninsu tana nan yadda take: takarda, ambulan da gidan waya.

Ga abin da mai fim yake yi a lokacin in zai nemi shiga biki ɗaya tak. Zai fara gano cewa bikin yana nan, daga mujalla ko littafin jerin bukukuwa ko bakin aboki. Zai nemi fom, ta waya ko ta wasiƙa ko ta fakis. Zai cike shi da hannu: sunan fim, tsawonsa, shekarar kammalawa, sunan darakta da furodusa da 'yan wasa, taƙaitaccen labari, irin kyamarar da aka yi amfani da ita, wuraren da aka taɓa nuna shi. Zai kwafi fim ɗin a kaset ɗin VHS, ya haɗa da hotuna da tarihin darakta, ya rubuta cak na kuɗin rajista, ya zuba duka a ambulan mai kauri, ya kai gidan waya kafin wa'adi ya cika. In yana so a dawo masa da kaset ɗinsa, sai ya haɗa da wata ambulan mai kan sarki a jiki. Gobe kuma ya sake duk wannan domin biki na biyu, wanda fom ɗinsa ke tambayar abubuwa iri ɗaya cikin tsari dabam. Mai neman bukukuwa 30 zai rubuta sunan fim ɗinsa sau 30.

In bikin yana ƙetare, wahala ta ninku. Amurka na amfani da tsarin talabijin na NTSC, yawancin Turai na PAL, Faransa kuma SECAM, kuma kaset ɗin wannan ba ya tashi daidai a bidiyon wancan. Sai an biya an juya shi. Wanda ya taso a zamanin kaset ɗin fina-finan Hausa ya san yadda hoto ke dusashewa in an kwafa daga kwafi. A irin wannan dusasshen hoton ake yanke wa aikin shekara biyu hukunci. Cak ɗin bankin Amurka kuma ba lallai ne bankin Jamus ya karɓe shi ba tare da cire nasa kason ba.

Wannan ke nan ɓangaren mai aikawa. Na mai karɓa ya fi muni, kodayake ba a cika ba da labarinsa ba. Yawancin bukukuwa ƙungiyoyi ne marasa neman riba, ma'aikatan dindindin ƙalilan, sauran 'yan sa-kai. Kuma ɗabi'ar ɗan Adam ɗaya ce ko'ina: kowa sai wa'adi ya ƙarato yake aikowa. A makon ƙarshe buhunan wasiƙu ke cika ofis. Dole wani ya buɗe kowace ambulan, ya raba cak da kaset, ya ba kaset lamba, ya karanta rubutun hannun da wani lokaci ba ya karantuwa, ya shigar da bayanan a kwamfuta. Daga nan a raba kaset ga masu kallon farko, su tafi da su gida, su dawo da maki a takarda. Kaset ya ɓata. Cak ya dawo babu kuɗi. An rubuta sunan darakta ba daidai ba, kuskuren ya bi hanya har cikin littafin bikin da aka buga. Mai fim ya kira yana tambaya ko saƙonsa ya iso, wanda ya ɗauki wayar bai da yadda zai sani sai ya tashi ya tona tari.

## 1995 zuwa 1999: magungunan da aka gwada

Kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin rage wa kansa nauyi. Bukukuwa suka koma ajiye bayanai a jadawalin kwamfuta, wasu suka sa wani mai ɗan sani ya gina musu ƙaramin rumbun bayanai. Ya taimaka wajen nema da lissafi, sai dai har yanzu mutum ne zai zauna ya buga abin da wani ya riga ya rubuta. In kuma wanda ya gina rumbun ya bar aiki, sau da yawa da shi sanin ke tafiya.

Da intanet ya fara yaɗuwa, bukukuwa suka ɗora fom a shafukansu domin a sauke a buga. An huta da jiran fom ta gidan waya, shi ke nan. Aka kuma fito da wa'adi hawa-hawa: mai aikowa da wuri ya biya kaɗan, mai makara ya biya da yawa. Wannan dabara ta yi aiki har ta zauna, ana yin ta har yau, amma cunkoson ta rage kawai. Wasu masu fim kuwa da suka gaji da ƙin karɓa sai suka kafa nasu bikin. Haka Slamdance ya samu a 1995, a hannun waɗanda Sundance bai ɗauki fina-finansu ba. Sabon biki, sabon fom.

Abin da ya haɗa waɗannan magunguna shi ne kowa a cikin gidansa yake gyara. Babu bikin da ke da dalilin kashe kuɗinsa ya sauƙaƙa wa mai fim neman wani bikin da suke gogayya da shi.

## 2000 zuwa 2004: fom guda

Burin waɗanda suka kafa kamfanin ya fi fom girma. Suna so ne masu fim masu zaman kansu su iya rarraba aikinsu da kansu ba tare da sun bi ta hannun manyan dillalai ba. Tsarin neman shiga biki shi ne abin da suka fara fitarwa, a matsayin ƙofar shiga. Lokacin ma bai yi musu kyau ba: a watan Maris na 2000, wata biyu da kafuwarsu, kasuwar hannun jarin kamfanonin intanet ta kai ƙololuwa ta fara zubewa, masu zuba jari suka ja baya daga duk abin da ke da ƙamshin intanet.

Tsarin da suka gina ba shi da sarƙaƙiya. Mai fim zai buɗe asusu, ya shigar da bayanan fim ɗinsa sau ɗaya, da hotuna da tarihinsa. Zai ga jerin bukukuwan da ke karɓa, da wa'adinsu da kuɗinsu da sharuɗɗansu. Ya zaɓi wanda yake so, ya biya da katin banki, bayanan su tafi kai tsaye. Manhajar za ta ba shi lamba. Wannan lambar zai rubuta a jikin kaset ko faifan DVD, ya kai gidan waya.

Nan ne wurin da ya kamata a tsaya a duba, domin fim ɗin kansa bai bi ta intanet ba, kuma ba sakaci ba ne. Yawancin gidaje a lokacin da layin tarho suke shiga intanet, gudunsa bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba in an yi sa'a. Faifan DVD ɗaya na ɗaukar gigabait 4.7. A wannan gudun, tura shi zai ci fiye da mako guda ba tare da layi ya katse ba, kuma gudun turawa bai ma kai na saukewa ba. Sai suka bar abin da ba zai yiwu ba, suka kama wanda zai yiwu: rubutu da kuɗi ta intanet, fim ta gidan waya, lamba guda ta ɗaure su.

A ofishin biki wannan lambar ta sauya aiki. Kafin ambulan ta iso, bayananta sun riga ta zuwa. Ɗan sa-kai zai duba lamba, ya danna alamar cewa ta iso, mai fim ya gani daga nasa ɓangaren ba sai ya kira ba. Babu sake bugawa, saboda haka in an samu kuskure a suna, mai sunan ne ya yi shi. Kuɗi na shigowa a dunƙule maimakon ɗaruruwan cak. Masu tantancewa na iya shigar da makinsu a wuri guda. In an zo buga littafin biki, taƙaitaccen labari da hotuna suna nan a ajiye.

Wahalar farko irin ta sabuwar kasuwar ƙauye ce: masu saye ba sa zuwa sai akwai masu sayarwa, masu sayarwa ba sa kasa kaya sai sun ga masu saye. Dole aka bi bukukuwa ɗaya bayan ɗaya ana lallashi. Abin da ya ja su bai tsaya ga sauƙin aiki ba. Bikin da ya shiga jerin, dubban masu fim da ba su taɓa jin sunansa ba suna ganinsa, kuma kowane ƙarin fim ƙarin kuɗin rajista ne. Ga ƙaramin biki a garin da ba a sani ba, wannan kuɗin kan zama babban abin da yake rayuwa a kai. Da bukukuwa suka ƙaru, masu fim suka ƙaru, da masu fim suka ƙaru, bikin da ya tsaya a waje ya fara jin asara. Cikin 'yan shekaru jerin ya kai ɗaruruwa, har da manya irin Sundance da Toronto.

Kamfanin kuma matsayin dillali ya ɗauka: la'ada yake cira daga kowane kuɗin rajista da ya bi ta hannunsa, ya kuma sayar wa bukukuwa talla a saƙonnin da yake aika wa masu fim.

## Disamba 2004: takardar mallaka

A Disambar 2004 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba su takardar mallaka mai lamba 6,829,612, wadda ta shafi neman shiga bikin fina-finai ta intanet da ayyukan ofis da ke biye da shi. Irin wannan takarda ba baƙon abu ba ce a lokacin. Wani hukuncin kotun ɗaukaka ƙara a 1998 ya buɗe ƙofar yi wa hanyar kasuwanci rajista kamar yadda ake yi wa inji, kuma a 1999 Amazon kansa ya samu irinta a kan saye da danni ɗaya, har ya kai kamfanin littattafai na Barnes & Noble kotu a kanta.

Takardar a Amurka kaɗai take da ƙarfi. A Turai wasu tsare-tsaren suka taso ba tare da fargaba ba: Shortfilmdepot a Faransa, mai alaƙa da bikin gajerun fina-finai na Clermont-Ferrand, Reelport a Jamus, daga baya Festhome a Sifen. A cikin Amurka kuwa, inda bukukuwa masu karɓar kuɗin rajista suka fi yawa, duk mai son gina makamancinsa sai ya fara lissafa kuɗin lauya.

## 2008 zuwa 2013: a ƙarƙashin Amazon

A Janairun 2008 IMDb ya sayi kamfanin. IMDb shi ne babban rumbun bayanan fina-finai na intanet, kuma mallakar Amazon ne tun 1998. A takarda haɗin ya yi ma'ana. Amazon na da kuɗi, yana da injinan ajiya, tun 2005 kuma ya sayi wani kamfanin da ke buga DVD sai an yi oda, wanda ya dace da tsohon burin rarraba fim ba dillali. Mai fim ma ya samu garaɓasa: neman biki ta wannan hanya na buɗe masa damar samun shafi a IMDb, abin da sabon darakta ke ɗauka tamkar shaidar haihuwa.

A wannan zangon ne aka tunkari rabin matsalar da aka bari a 2000. Intanet ya yi sauri, YouTube ya zo a 2005, Vimeo, wani shafin ɗora bidiyo irinsa, ya fara nuna bidiyo mai kaifin hoto a 2007. Withoutabox ya fito da nasa tsarin ɗora fim domin masu tantancewa su kalla ta intanet. Bai karɓu ba. Masu fim sun yi ta kukan cewa ɗorawa na ɗaukar lokaci, tana katsewa, hoton kuma na fitowa a matse, ba kyau. Masu tantancewa suka yi nasu kukan na tsayawar bidiyo ana cikin kallo. Mutumin da ya kwana yana gyara launi da sauti ba zai yarda a ga aikinsa a haka ba, saboda haka da yawa suka ci gaba da aika DVD. Wasu kuma suka gano hanya mafi sauƙi: su ɗora a Vimeo, su kulle da kalmar sirri, su aika wa biki adireshin. Wannan hanyar ta zama abin yayi a wajen manhajar, ba a cikinta ba.

Kukan bukukuwa na kuɗi ne. La'adar ta kai har kashi 18 cikin ɗari. A ɗauki misali: biki ya karɓi fim 1,000, kowanne a kan dala 40. Dala 40,000 ke nan, 7,200 daga ciki na dillali, ba a sa kuɗin talla ba. Ga ƙungiyar da ke hayar sinima da sayen tikitin jirgin baƙi daga wannan asusun, ba ƙaramin giɓi ba ne. Akwai kuma sharaɗin cewa bikin da ya shiga ba zai karɓi fim ta wani tsarin intanet ba, da kuma rangwamen da ake sa biki ya yi wa wasu masu neman shiga ta wannan hanya. Masu bukukuwa suka shiga halin gaba kura baya sayaki: in sun zauna, kuɗi na zurarewa, in sun fita, masu fim ba za su gan su ba. Shafin kansa ya tsufa, shekaru suna wucewa fuskarsa ba ta sauya ba. Har shafin ƙorafi aka buɗe a Facebook, na masu fim da masu bukukuwa tare, abin da ba a saba gani ba, domin waɗannan biyun ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

A 2013 wani mai nazarin harkar fim ɗan Birtaniya, Stephen Follows, ya ƙirga bukukuwan duniya. Ya samu sama da 9,000 da aka taɓa yi aƙalla sau ɗaya cikin shekara 15, kimanin 3,000 ne ke raye, kuma kaso mai yawa sau ɗaya aka yi su aka daina. Wannan ya nuna irin abokan cinikin da ake magana a kansu: akasari ƙanana ne masu rayuwar hannu baka hannu ƙwarya.

## 2014 zuwa 2018: kishiya daga Kanada

A farkon 2014 wani ƙaramin kamfani a yankin Vancouver na Kanada ya buɗe shafi mai suna FilmFreeway. Babu sabuwar dabara a cikinsa; fom guda ne dai, da jerin bukukuwa, da biya da kati. Bambancin na cikin abubuwan da aka shekara biyar ana kuka a kansu. La'adarsa ta yi ƙasa sosai. Bai hana biki amfani da wani tsarin ba. Yana karɓar adireshin Vimeo da YouTube, nasa wurin ɗorawar kuma yana nuna hoto mai kyau. Shafin na da sauƙin bi. Kuma yana zaune a wajen Amurka.

A watan Yunin wannan shekarar Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Alice da bankin CLS, inda ta ce ɗaukar tsohuwar dabarar kasuwanci a ce a yi ta da kwamfuta bai isa a ba mutum mallakarta ba. Shari'ar ba ta shafi fim ba ko kaɗan, amma ta rage wa duk takardu irin ta 2004 kwarjini.

Ƙananan bukukuwa ne suka fara ƙaura, domin su takalmin ya fi matsa. Masu fim suka bi su, tun da buɗe asusu kyauta ne kuma babu abin da ya hana mutum riƙe biyu. Abin da ya gina tsohon kamfanin, wato kowane ɓangare na jawo ɗaya, shi ne ya koma yana aiki a kansa da irin wannan saurin. Withoutabox ya mayar da martani: ya sassauta sharaɗin keɓancewa, ya rage kuɗi, ya yi wa shafin kwaskwarima, ya riƙe wasu manyan bukukuwa, Sundance a cikinsu, har kusan ƙarshe. Sai dai babban biki sau ɗaya ake nemansa a shekara, ƙananan kuwa su ne cinikin kullum, kuma sun riga sun tafi.

## 2018 zuwa 2019: rufewa

A Oktoban 2018 aka sanar cewa za a rufe Withoutabox, aka ba bukukuwa kusan shekara guda su kammala zagayen da suke ciki su kwashe bayanansu. A Satumban 2019 aka daina karɓar fim, a ƙarshen Oktoba aka rufe shafin. Sundance ya koma FilmFreeway. Domin a ga girman aikin da ake magana a kai a lokacin: bikin Sundance na 2019 ya karɓi sama da fina-finai 14,000, dogaye da gajeru, ya zaɓi dogaye ɗari da 'yan kai. Babu ofishin da zai iya buɗe ambulan 14,000 a 'yan makonni. A 2021 kamfanin Backstage na Amurka ya sayi FilmFreeway.

## Hukunci

Abin da ya yi aiki a fili yake. Waɗanda suka kafa kamfanin sun taɓa tsayawa a layin gidan waya da kansu, sun san cewa tambayoyin fom talatin ɗin nan tambaya ɗaya ce. Sun kuma gane abin da mai fim shi kaɗai ba zai gani ba, cewa wahalar ofishin biki ta fi tasa, kuma ofishin ne ke da ikon cewa "ta nan za a bi". Dabarar lamba a jikin kaset, a ganina, ita ce mafi kyawun abin da suka yi. Da sun nace sai fim ya bi ta layin tarho a 2000, da sun bi sahun kamfanonin da suka mutu a wannan shekarar.

Abin da bai yi ba guda biyu ne, kuma ɗaya ya haifi ɗaya. Na farko, tsarin kallo ta intanet. Kamfanin da ke da Amazon a bayansa bai rasa injina ko kuɗi ba, kuma ƙananan kamfanoni sun nuna abin mai yiwuwa ne a daidai wannan lokacin. Na biyu, farashi da sharuɗɗa. Takardar 2004 da sharaɗin keɓancewa sun cire matsin da ke sa dillali ya gyara hali, sai aka shekara biyar ana jin kuka ba a ga dalilin gaggawa ba. Ba na ganin laifi a neman takardar tun farko. Ƙaramin kamfanin da ya tsira daga rugujewar 2000 yana da dalilin neman katanga. Amma a hannun babban kamfanin da wannan cinikin bai kai masa cikin cokali ba, katangar ta zama dalilin barin gida ba shara. Burin farko na rarraba fim ba dillali ma bai zama abin da aka san kamfanin da shi ba. Shi kansa ya zama dillalin da ake kuka da shi.

Akwai wani sakamako da sai an duba da kyau ake ganinsa. Da nema ya zama danni ɗaya, kowa ya nemi bukukuwa da yawa, gurbin nuna fim kuwa bai ƙaru da wannan saurin ba. Wahalar ambulan ta tafi, kuɗin rajista ya ninku a aljihun mai fim, damar a ɗauke shi a kowane biki ta ragu. Sauƙin shiga jeri ya kuma buɗe ƙofa ga bukukuwan da ba su da sinima ko 'yan kallo, sai tattara kuɗin rajista da raba takardar yabo. Wannan matsala ta bi masu fim zuwa sabon shafin, kuma ta fi cin wanda ke nema daga nesa, kamar matashin darakta a Kano ko Jos da zai biya da dala a bikin da ba zai taɓa iya zuwa ya gani da idonsa ba.

Ofishin biki kuma, karɓar fim kashi ɗaya ne kawai na aikinsa. Bayan zaɓe akwai jadawalin nunawa, da baƙi da masaukinsu da jiragensu, da katin shiga na 'yan jarida, da bibiyar kwafin fim daga wannan gari zuwa wancan, da sayar da tikiti. Manyan shafukan biyu ba su shiga nan da zurfi ba. Wasu ƙananan kamfanoni ne suka ɗauki wannan ɓangaren, irin Eventival a birnin Prague da Eventive da ya taso daga bikin Indie Memphis a Amurka, kuma su ma a hannun mutanen da suka yi aiki a cikin biki suka fara.